Ya daina ƙwaya ya kama ƙiba da fitsarin dare, lafiya ce ko wani ciwon ne?

Ummi_Sheka:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah tambaya gare ni, musamman ma'aikatan lafiya da ke cikinmu. Wai mutumin da ya daɗe yana shan kodin da tiramol, Allah ya shirye shi ya daina, sai ya kama ƙiba ba ji ba gani, wannan ƙibar ta lafiya ce kuwa? Ƙanina ne, da can kamar a hure shi ya faɗi, to tunda aka sallamo shi daga asibiti yana kan maganin da likitocin ƙwaƙwalwa suka ɗora shi duk kayansa sun matse shi, tumbi ya fito. Hajiyarmu murna take yi wai jini ya dawo, duk baƙon da ya shigo sai ta kira shi an gan shi. Ni kuma hankalina bai kwanta ba, ruwa yake sha ba ƙaƙƙautawa, da daddare ina jin ƙarar ƙofar banɗaki har asuba, ga kwaɗayin zaƙi, shayi sai ya lafta suga, lemon roba kuwa ba a magana. In na yi magana a ce wai so nake ya koma gidan jiya.

Baban_Sadiq:
Wa alaikumussalam. Ke dai ku gode wa Allah. Duk wanda ya bar ƙwaya dole ya murje, ai da ba ya cin abinci ne, kuɗin abincin ma can suke tafiya. Ku bar yaro ya ci ya ƙoshi. Iyaye nawa ne a garin nan suke kukan ɗansu ya dawo gida ko da a rame ne

Nas_Rabi:
Baban Sadiq rabin maganarka gaskiya ce, wanda ya rame saboda shaye-shaye in ya daina jikinsa zai dawo kuma haka ake so. Amma abin da Ummi ta lissafa ba dawowar jiki ba ne kawai. Ƙishirwa marar yankewa, yawan fitsari musamman da dare, ga tumbi, waɗannan in muka ji su a asibiti suga muke fara gwadawa kafin komai. Ummi ki kai shi da safe kafin ya karya, ya kwana aƙalla awa 8 bai sa komai a baki ba sai ruwa. In na'ura ta nuna 7.0 ko sama, ko 126 in mai ɗaya ma'aunin ce, aka sake wata rana aka samu haka, to ciwon suga ne. Daga 5.6 zuwa 6.9 kuma yana bakin ƙofa. A auna hawan jini a lokaci ɗaya. Sannan ki duba mana sunan maganin da yake sha a jikin kwali

Ummi_Sheka:
Na gode Anti Rabi. Na duba, na dare an rubuta Olanzapine, akwai wani ƙarami kuma da yake sha da safe amma Hajiya ta juye shi a leda ba kwalin

Famasis_Hotoro:
Yauwa, dama shi na yi zargi tun da na karanta tambayar. Olanzafin magani ne mai kyau sosai, yana kwantar da ƙwaƙwalwa yana sa barci, mutane da yawa shi ya dawo da su hayyacinsu. Amma a duk magungunan wannan layin shi da kulozafin su ne kan gaba wajen buɗe ciki da sa ƙiba, kuma ba ƙibar kaɗai ba, suna iya ɗaga suga da kitsen jini ko da mutum bai yi wata ƙibar a zo a gani ba. Ƙa'idar ita ce ranar da za a fara ba mutum a auna nauyinsa, ƙugunsa, hawan jini, suga da kitsen jini, a sake bayan wata 3, sannan duk shekara. Nauyi kuwa a watannin farko ya kamata a riƙa hawa sikeli akai-akai domin lokacin ne ya fi hauhawa. To layin asibiti kun san shi, mutum ɗari suna jiran likita ɗaya, tambayar ita ce kana barci? kana jin muryoyi? ka koma sha? in ka ce a'a a rubuta maka magani ka tafi. Sai ɗan uwa ya buɗe baki ya ce likita ga abin da muke gani a gida. Abu ɗaya nake roƙo, kar ku dakatar masa da maganin da kanku.

Ɗan_Kurna:
To in maganin ne ya jawo me ya sa ba za a daina ba?? An gudu ba a tsira ba kenan. Ni a ganina ku watsar da shi ku koma na gida, shuwaka, zogale, tafarnuwa, hulba, wlh akwai wani mai magani a unguwarmu mutane har daga Jigawa suke zuwa wajensa

Famasis_Hotoro:
Ɗan Kurna ka ji abin da nake gudu kenan. Ranar da ya yanke olanzafin kwatsam barci ne zai fara ɗaukewa, wanda ya daina ƙwaya kuma ya rasa barci ka san inda zai nufa da tsakar dare. Likita zai iya rage masa, zai iya canja masa zuwa wani da bai kai wannan sa ƙiba ba, akwai su, zai iya ƙara masa metfomin wanda dama ana ba masu suga kuma ana amfani da shi wajen rage ƙibar irin waɗannan magunguna. Duk wannan a hankali ake yi. Zogale a kwaɗanta a ci, abinci ne mai kyau, ba wanda ya hana. Amma jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba ga mutumin da hantarsa ta sha wahalar shekaru, a'a.

Tsohon_Ɗan_Hannu:
Bari in yi magana a matsayin wanda ya shiga ya fito. Ku da ba ku taɓa sha ba ba za ku gane kwaɗayin zaƙin nan ba, ba iskanci ba ne ba kuma shagwaɓa ba. Shi siraf ɗin kodin kansa ai ruwan suga ne mai kauri, mu kuma ba ma shan shi haka sai an juye a robar lemo, saboda ɗanɗano da kuma kar a gane. To lissafa, kwalba biyu uku a rana kowacce da lemonta, abinci kuwa sai dare wajen mai shayi, indomi da shayi mai kauri, wani lokacin ma biskit kawai. Shekaru jikinka bai san komai ba sai zaƙi. Haƙorana na ciki duk sun tafi, bayan gida kuwa sai in yi kwanaki ban zaga ba har basir ya kama ni. Da na daina, wlh in abin ya taso min alawa ko lemo mai sanyi ne kawai ke ɗan kwantar da shi. Shi ya sa nake cewa Ummi ki bi a hankali, in kika ƙwace masa lemo yau ba ki ba shi wani abu a madadin ba, kin bar shi da abin shi kaɗai. Gara lemo da kodin.

Nas_Rabi:
Tsohon Ɗan Hannu Allah ya ƙara tsarewa, kuma ban musa maka ba. A makonnin farko ni ma ba zan yi faɗa da mutum kan alawa ba, kuma abin da ka faɗa sananne ne, masu shan dangin kodin suna da son zaƙi fiye da sauran mutane, wurin da ƙwayar ke taɓawa a ƙwaƙwalwa zaƙi ma yana taɓa shi. Amma wannan yaron ya wuce makonnin farko, kuma alamu sun fito. Robar lemo ɗaya ta 50cl akwai suga wajen giram 50 a ciki, kusan ƙwaya goma ta sugan kwali kenan. Hukumar lafiya ta duniya cewa ta yi babba kar ya wuce wajen giram 50 ɗin a yini gaba ɗaya, in da hali ma 25. To roba ɗaya ta cinye kason yini, ba a zo kan shayi da fanke ba. Kuma mai suga in ya ji ƙishirwa ya kora da lemo, sugan ya ƙara hawa, fitsari ya ƙaru, ƙishirwa ta ƙaru, haka za a yi ta zagaye

Abba_Lissafi:
Abin da ke ba ni tsoro yawan mutanen da abin ya shafa. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na 2018, ya ce mutum miliyan 14.3 ne 'yan shekara 15 zuwa 64 suka yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, masu shan siraf kaɗai miliyan 2.4, dangin tiramol miliyan 4.6. Kano an sa mata kashi 16 cikin ɗari, sama da mutum miliyan ɗaya. Kuma duk mutum huɗu ɗaya mace ce. A watan Mayun shekarar ne gwamnati ta hana yi da shigo da siraf mai kodin bayan rahoton BBC. To waɗancan samarin na 2018 yanzu magidanta ne, wasu sun daina wasu sun canja layi, duk maganar da ake yi ta kamawa ce da ƙonawa da wa'azi, ban taɓa jin an ce a tara waɗanda suka daina a gwada musu suga da hawan jini da hanta ba

Hajiya_Ɗorayi:
Ni dai abin da zan ƙara, ku binciki gida da kyau ko ba a ba shi maganin ƙiba a ɓoye. Na ga wata maƙociyarmu da ɗanta ya dawo daga wajen gyaran hali a rame, kunya ta ishe ta saboda bikin 'yarta ya matso, ta je kemis aka haɗa mata sha-ka-fashe tana zuba masa a kunu. Fuska ta yi suntum kowa na cewa masha Allah, ƙafafu kuwa sirara. Ƙarshe sai da aka kwantar da shi. Mu mata mun san wannan haɗin, 'yan mata na sha kafin aure. Ummi wannan ƙaramin da kika ce an juye a leda, ki tabbatar da ko mene ne 'yata

Famasis_Hotoro:
Hajiya Allah ya saka, wannan muhimmi ne. Haɗin nan yawanci dekzametason ne da wani mai buɗe ciki. Dekza yana tara ruwa da kitse a fuska da ciki da doron wuya, yana cinye tsokar hannu da ƙafa, yana ɗaga suga da hawan jini, yana rage garkuwar jiki. In aka haɗa shi da olanzafin kuwa ana kukan targaɗe ne sai ga karaya. Shi ma wanda ya daɗe yana sha ba a yanke shi rana ɗaya, jiki ya riga ya daina yin nasa sinadarin, a hankali likita ke janye shi. Ummi ki ɗauki ledar ki kai inda aka ba da maganin su faɗa miki. Zai iya yiwuwa kuma irin wanda ake bayarwa ne don hana sanƙarewar jiki, shi wannan yana busar da baki sosai, to ƙishirwar za ta iya zama daga nan ma. Shi ya sa gwaji ne kawai zai raba gardama.

Baban_Sadiq:
Ni fa har yanzu ina ganin kuna tsorata yarinya. Mu da muka taso mai tumbi shi ne mai rufin asiri

Sadiya_BUK:
Baba ai shi ya sa layin masu suga da hawan jini a asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano ba ya ƙarewa 😅 Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi, a samu igiya a auna tsayin mutum daga kai zuwa ƙafa, a ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita wajen saitin cibiya. In ba ta haɗu ba to tumbin ya wuce ƙa'ida, ƙugu bai kamata ya wuce rabin tsayi ba. Da tef ɗin tela kuma namiji santimita 94, mace 80. Kitsen ciki shi ne mugun, shi ke hana insulin, sinadarin da ke saukar da suga a jini, aiki. Sannan ki duba bayan wuyansa, in ya yi baƙi da kauri kamar datti amma ba ya fita da soso, shi ma alama ce

Malam_Gwale:
Allah ya ba shi lafiya ya tabbatar da shi a kan shiriya. Ina so in ja hankalin iyaye, jiki amana ne, kuma Annabi SAW ya yi umarni da neman magani. Haka kuma ya koyar da mu a raba ciki uku, abinci, abin sha, numfashi. Ciyar da yaro har ya kasa tashi ba shi ne tausayi ba. Amma 'yata ki yi wa mahaifiyarku magana da ladabi, ita abin da ta gani a baya ne yake tsorata ta, duk lomar da ya ci a gabanta hankalinta kwanciya yake. Kar ki ce mata tana cutar da shi, ki ce likita ne ya ce a gwada.

Mai_Adaidaita_Fagge:
Ni tambayata daban ce ku yi haƙuri. Mu a sana'armu akwai masu shan tiramol da safe da gadagi ko lemon ƙarin kuzari su fita aiki ba karyawa, wai yana kashe yunwa da gajiya. Sau da yawa sai ka ga mutum ya jiƙe da gumi, hannu na rawa, ido ya yi duhu, wani ma ya faɗi yana jijjiga. Mutane su ce aljanu wasu su ce ya cake ne. Wannan shi ma suga ne ko me

Dr_Zangon_Dare:
Mai Adaidaita tambayarka ta yi kyau, domin mutane sun ɗauka matsalar suga hawa ce kawai. Tiramadol yana iya saukar da suga, balle ga wanda bai ci komai ba yana aiki cikin rana. Ƙasa da 3.9, ko 70 a ɗaya ma'aunin, shi ne saukar suga, alamunsa gumi, rawar jiki, bugun zuciya, ruɗewa, maganar da ba kan gado. Sannan shi kansa tiramadol yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ko da suga lafiya lau. A asibiti iyakarsa miligiram 400 a yini, wanda aka amince da shi a ƙasar nan na 50 ne da 100, na kasuwa kuwa 225 ne, ƙwaya biyu an riga an wuce iyaka. In mutum yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, a ba shi abu mai zaƙi sannan abinci. In ya suma ko yana jijjiga KAR a ɗura masa komai, kar a cusa cokali a baki, a kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti. Ɗura wa sumamme madara ko manja ya kashe mutane, huhu yake tafiya.

Ga masu shan giya abin ya ma fi haka, giya tana hana hanta sakin suga cikin jini, sai mutum ya kwanta a ce ya bugu ne a bar shi ya farfaɗo, alhali sugansa ne ya faɗi. Ga kitse da take tarawa a hanta, ga ƙarancin bitamin B1 wanda in ya yi tsanani yake taɓa ƙwaƙwalwa, mutum ya riƙa tangaɗi da mantuwa. Shi ya sa mashayin da ya daɗe ba ya cin abinci in an kwantar da shi muke ba shi B1, kuma ba ma yarda a cika shi da abinci rana ɗaya, sinadaran jini suna iya faɗuwa zuciya ta rikice.

Ɗan_Kurna:
Giya kuma a Kano Dr? ai mu nan ba mu da wannan matsalar, Hisba na fasa kwalabe

Tsohon_Ɗan_Hannu:
Hhhh Ɗan Kurna kwalaben da ake fasawa daga ina suke fitowa? Ka bar maganar kawai. Akwai ta leda ma da ake sawa a aljihu

Dr wani abu da ba a faɗa ba kuma maza ba sa son faɗa. Da yawa sun fara tiramol ne saboda harkar iyali, wai yana sa daɗewa. Bayan shekaru sai abin ya juye, sha'awar ma ta tafi, jiki ya saki, ƙwanji ya narke tumbi ya fito. Na san mutane da yawa a haka, kuma maimakon asibiti sai su koma wajen masu maganin maza

Dr_Zangon_Dare:
Gaskiya ne. Dangin kodin da tiramadol in an daɗe ana sha suna rage sinadarin maza, testostiron, kuma ƙarancinsa na kawo kasala, raguwar tsoka, kitsen ciki, har raunin ƙashi. A mata kuma al'ada ce ke rikicewa, muna gani ga masu allurar fenta, ita ma dangin kodin ce. Sau da yawa yana gyaruwa bayan an daina amma yana ɗaukar lokaci. Ciwon suga shi ma yana kashe ƙarfin namiji, to mutum zai iya haɗa biyun. Wanda ya taɓa yin allura kuma ko sau ɗaya da sirinjin wani a gwada masa ciwon hanta nau'in B da C da HIV, nau'in C ma yana da alaƙa da suga, kuma yanzu ana warkewa daga shi da ƙwayoyi na wata 3.

Ummi_Sheka:
Salam, na dawo. Mun je da safe, na ce masa ni ma zan gwada shi ya sa ya yarda. Nawa 4.8 nasa 9.6. Hawan jini ma sun ce ya ɗan hau. Ƙaramin maganin na nuna musu sun ce na hana sanƙarewa ne ba na ƙiba ba alhamdulillah. Sun rubuta wani gwajin wai na wata uku da na kitse da ƙoda, sun ce mu koma da sakamakon wajen likitansa na ƙwaƙwalwa kar mu jira ranar kilinik. Shi dai tunda muka fito bai ce komai ba, sai da muka kusa gida ya ce wai ya bar wancan ga wani kuma, me ya yi amfani. Wannan maganar ce ta fi tayar min da hankali fiye da lambar

Nas_Rabi:
Sannu Ummi kin yi ƙoƙari. Wannan maganar tasa ki faɗa wa likitan kamar yadda ya faɗe ta, kar ki ɓoye, kuma kwanakin nan kar a bar shi shi kaɗai da yawa. Gwajin wata ukun shi ne HbA1c, daga 6.5 ake cewa suga. In yana da sikila ko ƙarancin jini ku faɗa musu domin yana iya ba da lambar da ba daidai ba. Kafin ku ga likita in ya fara amai, ciwon ciki, numfashi sama-sama ko barcin da ba a gane ba, wannan na gaggawa ne ko da tsakar dare ne

Tsohon_Ɗan_Hannu:
Ki ce masa wani da ya riga shi ya ce amfanin shi ne yanzu yana da ran da za a yi wa magani. Abokaina nawa ba su kai ga gwajin suga ba. Kuma ki nema masa abin yi da yamma, tsakanin la'asar da isha nan ne lokacin da abin ke tasowa. Ni ƙwallo ce ta taimake ni, da farko minti goma ba na iya yi

Maman_Walid:
Matsalar gidanmu na Hausa tukunya ɗaya ce. Za a ce mai suga ya ci kaza kar ya ci kaza, wa zai yi girki biyu a wannan tsadar? Ni mijina na da suga abin da nake yi kawai, tuwon nan dai shi ne amma malmala ɗaya miya da yawa, kuka ko kuɓewa ko zogale. In garau-garau ne wake ya fi shinkafar yawa a sa latas da tumatir da kokwamba. Ɗan wake, alale, awara, kwaɗon rama, yalo da gyaɗa in yana son abin taɓawa. Fura da nono ba suga. Zoɓo ni nake haɗawa da citta da kanumfari ba na sa komai. Abin sha shi ne babban abin, in an cire lemo da shayi mai suga rabin aiki ya ƙare. Kuma ba sai an sayi acca da alkama masu tsada ba, alkamar ma in ka cika kwano sugan zai hau

Sadiya_BUK:
Anti ƙarin bayani kan zuma da dabino da mazarƙwaila, mutane na cewa na Allah ne ba sa komai. Suna ɗaga suga su ma. Motsa jiki kuma minti 150 a mako ake so, wato rabin awa kwana biyar, tafiya da sauri ta isa. Masu hawa Dala da Goron Dutse da safe ba wasa suke ba

Baban_Sadiq:
To Allah ya ba shi lafiya. Amma ni dai ina nan kan bakana a wani ɓangaren, kar a takura wa yaron nan da dokoki goma lokaci ɗaya, ba lemo ba shayi ba sigari ba fita, ƙarshe ya ce gidan ya ishe shi

Famasis_Hotoro:
A nan kam ina tare da kai Baban Sadiq, ɗaya bayan ɗaya. Tunda ka ambaci sigari, Ummi in yana sha ki sani barin ta alheri ne babba, mai shan taba ya fi wanda ba ya sha haɗarin kamuwa da suga da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, shisha ma ba sauƙi ba ce. Amma a sanar da likita kafin ya bari, saboda hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa ƙone olanzafin da sauri, ranar da ya daina sai maganin ya taru a jini, barci da kasala su ƙaru, wani lokacin sai an rage adadin. Kuma wanda ya bar taba yakan ƙara kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko, gara a san da haka tun wuri

Ɗan_Kurna:
Wiwi fa? na ji ana cewa masu shan ta ba sa yin suga

Dr_Zangon_Dare:
Ba magani ba ce Ɗan Kurna. Tana buɗe ciki, wanda ya sha ka ga abin da yake yi wa kwanon abinci, kuma ga mai irin matsalar ƙanin Ummi ita ce ma ke saurin dawo da ciwon ƙwaƙwalwar. Kar wani ya karanta wannan ya ce ya samu hujja.

Mai_Adaidaita_Fagge:
Dr to wanda yake shan 225 ɗin kullum kuma yana so ya bari, ga azumi na zuwa, wasu cewa suke da an ga wata za su yanke gaba ɗaya. Ba ni ba ne fa wani abokina ne

Dr_Zangon_Dare:
Ka ce wa abokin naka niyyar ta yi kyau amma kar ya jira ganin wata, ya zo tun yanzu. Yanke tiramol rana ɗaya ga wanda ya daɗe yana kawo gudawa, amai, gumi, ciwon gaɓoɓi da rashin barci, ka haɗa wannan da ƙishirwar azumi a zafin Kano yana tuƙi da fasinja a baya. Yawanci a kwana na biyu ko na uku suke komawa, kuma bayan sha ruwa sai su haɗiye na yini gaba ɗaya lokaci guda, a nan jijjigar ke zuwa. Akwai sashen masu wannan matsalar a asibitin Malam da Dawanau, ba kowa ake kwantarwa ba, ana iya tsara masa yadda zai rage yana zuwa daga gida. In yana haɗawa da ƙwayoyin sa barci irin roci ko diyazefam ya faɗa musu, su waɗannan yanke su kwatsam ya fi na tiramol haɗari. Ya zo da safe bai karya ba a haɗa da gwajin sugan gaba ɗaya.

Mai_Adaidaita_Fagge:
To ranar da ba ya aiki Juma'a ce kawai, suna gani ranar Juma'a? kuma sai ya zo da wani ko shi kaɗai ma ya isa